Sunan da Na Tsallake a Gaban Malamar Asibiti

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, irin wadda ban taɓa yi maki da baki ba. Ina gajiyar hidima, ina gajiyar baƙi 'yan ganin lefe? Allah ya yi maki albarka, ya tsare ki a gidan nan da kike shirin bari, ya tsare ki a hanyar Safana, ya tsare ki a ɗakin da za a kai ki.

Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, amma sai ga takarda a ƙarƙashin faifan da kike rufe fura. To ke ma kin san yadda muke. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce ta fari, kuma sunan uwar mijina aka sa maki, kunya biyu ke nan a wuri ɗaya. Mutane su ce Uwani, ni in ce "ke", in da baƙi in ce "yarinyar nan". Haka na taras ana yi, haka uwata ta yi wa yayanmu, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba sai bana. Rubutun ma ke kika gyara mani hannu lokacin da nake zuwa ajin manya, saboda haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri da ɗalibarki.

Ba labari zan ba ki ba, kusan duk abin da zan faɗa a gabanki aka yi shi. Tarin da kike yi ne ya sa na ɗauki biro. Ina jin shi da asuba in kin fito alwala, ina jin yadda kike danne shi da gefen hijabi don kada ya kai ɗakina. Na san wannan dannewar, a wurina kika gan ta. Ina so a gwada ki kafin a kai ki Safana, kuma ina so ki san dalilin da ya sa har yau ba a gwada ki ba. Amma bari in faro daga baya, don in na fara da wancan ba zan iya ƙarasa takardar ba.

Kin san na daɗe da ciwon suga. Ni da a da in na hau babur sai mai babur ya duba tayarsa, Gwaggonki Talatu, ƙanwar babanki, tana ce mani buhun wake. Da aka gano sugan a Batsari aka ɗora ni a kan ƙwaya, aka hana ni kayan zaƙi, aka ce in rage tuwo in ƙara ganye. Tun daga ranar na samu ƙusar da nake rataye komai. Kai ya yi ciwo, suga. Ƙafa ta yi nauyi, suga. Na yi wa babanki tsiwa, suga. Don haka da rama ta gaske ta zo, wadda ta sa zobena ya sulluɓe cikin ƙullu ban sani ba, ko tsayawa tunani ban yi ba na ce sugan ne. Zazzaɓin yamma ya fara, na ce sauro ne. Zufar da nake tashi da ita sharkaf, na ce zafin ɗaki ne. Tari kuwa lokacin sussukar gero ya soma, kowace mace a unguwa tana yi, na ce ƙaiƙayi ne. Sussuka ta wuce, tarin kowa ya wuce, nawa ya samu wuri ya zauna.

Daga baya malamar asibiti ta gaya mani mai suga jikinsa ba ya iya kare kansa kamar na kowa, tarin fuka ya fi saurin kama shi, kuma ya fi wuyar sakinsa. Ta ce da na zo tun farko da huhun bai ci haka ba. Na sunkuyar da kai, don ba nisan hanya ya hana ni ba, ni na ba kaina amsa kafin kowa ya tambaye ni. Ke ma yanzu na ji amsar da ake ba ki, wai ramar amarci ce, wai tunanin barin gida ne. Kada ki karɓa. Tarin da ya haura mako biyu, da rama, da zazzaɓin yamma, ba a zaune a tsakar gida ake raɗa masu suna ba, asibiti ake kai su.

Sai maganar zuma. Babanki ya sauke amyar zumarsa ta gonar rafi, ya kawo mani kwalba guda ya ce ga maganin tari. In lasa da safe, in haɗa da citta da lemun tsami da yamma. Zan gaya maki gaskiya, ba don tarin kaɗai nake sha ba. Na daɗe bakina bai ga zaƙi ba, sai ga shi an halatta mani da sunan magani. Kin tuna ranar da kika tsuguna kina hura wuta, kika ce ba tare da kin ɗago ba, "Inna, ba an hana ki zaƙi ba?" Ni kuma na kalli bango na ce, "A gaya wa likitar gidan nan zuma ba sukari ba ce." Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in nutse. Na ƙara da maganin tari na ruwa daga kemis, shi ma zaƙi kamar alewa. Tarin bai tafi ba, sai ƙishirwa da ta zo, in sha moɗa guda in nemi ƙari, in wuni ina sintiri bayan gida, idona ya yi hazo, ƙayar da ta soke ni a yatsa ta ƙi warkewa. Ashe ina ciyar da ciwo ɗaya ne da abin da nake korar ɗayan. In wani ya faɗa maki gaskiya, ko da ƙanenki ne, ko da ɗan da za ki haifa ne, kada ki ba shi amsa ta bango kamar yadda na yi maki.

Ranar da na fara ganin jini a kaki ban gaya wa kowa ba. Na goge da gefen zane, na cusa zanen a ƙarƙashin katifa da niyyar in wanke da kaina. Ke kika zaro shi ranar wanki. Ba ki ce mani komai ba, ni ma ban ce ba. Na dai gan shi a shanye a igiya, washegari kuma na ji kina cewa ƙanenki Sani ya kira mai babur. Haka kika ɗora ni, kika hau bayana kina tallafe da ni, daga nan gefen Wagini har Batsari.

Abin da na yi a asibitin ba ki sani ba. Da malamar ta ji tarina ta huda mani yatsa ta auna suga, sai ta yi salati. Ta ba ni 'yar kwalba mai murfi ta ce in fita can ƙarƙashin itacen bedi inda iska take, in ja numfashi sosai, in kakaro daga ƙirji in tofa a ciki. Na fita, sai na taras 'yan babur sun cika inuwar, har da wani ɗan ƙauyenmu da ke gaishe ni a durƙushe. Na ce yanzu mace kamata ta tsaya gaban maza tana kaki kamar tsohon injin niƙa? Na juya baya na tara miyau na tofa, na rufe, na miƙa. Da sakamako ya fito ba a ga komai ba, na yi ta murna har ina cewa ai dama na faɗa ƙaiƙayi ne. Malamar ce ba ta yi murna ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, tsakaninki da Allah, kaki kika ba mu ko miyau?" Yarinya ce da ba ta fi ki da yawa ba, amma na kasa haɗa ido da ita. Ta tura ni aka ɗauki hoton ƙirji, ta ba ni wata kwalbar ta ce in cika ta da kakin farko na safe. Ke kika riƙe ni a bayan ɗaki kina bubbuga mani baya har ya fito.

Saboda haka in an ba ki kwalbar nan, ki ba su abin da suka nema. Ko duk 'yan baburan Batsari ne a ƙarƙashin bedin, ki yi kakinki. Kunyar da na ji a wurin ba ta kai rabin wadda na ji a gaban malamar ba, kuma saura kaɗan in koma gida da ciwona ina godiya.

Ranar karɓar sakamako na biyu an yi ruwan shuka, kika tsaya yi wa masu aiki abinci, sai Talatu ta zo daga Darini ta raka ni. Malamar ta ce tarin fuka ne. Ta ce ana warkewa, magani kyauta ne, wata shida ake sha ba fashi, amma nawa sai an yi da gaske saboda sugan. Ta ce ciwon biyu taimakon juna suke yi, tarin yana tayar da suga, sugan yana hana tarin mutuwa, don haka tare za a riƙe su. A ranar ta yi mani wata tambaya. Zan zo kanta.

Da muka dawo, kafin in cire hijabi Talatu ta ware mani kwano da cokali da moɗa, ta ɗaura wa kowanne jan zare don kada a yi kuskure. Ta gargaɗi yara kada wanda ya ci saurana. Duk gidan aka yi ta tsaron kwano kamar shi ne ke tari. Alhali da kunnena na ji malamar ta ce ba ta kwano ake ɗauka ba, ta iska ne, a bar ɗaki a buɗe rana da iska su shiga. Kin san tagar ɗakina tun da ƙasar nan ta rikice babanki ya toshe ta da tubali, kamar yadda kowa ya yi. Ya ce zai fasa tubalin, ni na hana. Ba tsoron kowa ya sa na hana ba, tagar bakin hanya take kallo, ba na so masu wucewa su ji tarina su gane irinsa. Na sa aka saki labule, aka ja ƙyaure. A wannan ɗakin kika shimfiɗa tabarma kusa da gadona, kika yi ta kwana kina shaƙar abin da nake fitarwa. Sai da na koma asibiti malamar ta tambayi babanki maganar tagar, ya dawo bai saurare ni ba ya sa guduma. Amma kafin nan an sha kwanaki.

Na ga labulen da aka saya maki, masu kauri har biyu, na kuma ga turaren wutar da aka tara. Ɗakin amarya kin san yadda yake, a rufe ruf, hayaƙi ya cika shi, mata su yi ta shiga suna zama. Ki buɗe taga. In an ce amarya ba ta buɗe taga, ki ce uwarki ta ce.

Shan maganin ma bai zo mani da sauƙi ba, kuma gara ki sani tun yanzu don kada ya firgita ki. Ranar farko fitsarina ya koma ja, na ce shi ke nan jini ne, har na fara yafe wa mutane a zuciyata. Ashe an gaya mani haka zai yi, hankalina ne ba ya wurin. Sannan suga ya ƙi sauka duk da na daina zuma. Malamar ta ce maganin tarin yana rage ƙarfin ƙwayar suga da nake sha, sai an koma allura. Ta nuna wa babanki yadda ake yi, shi kuwa ya zo gida ya nuna maki sau ɗaya ya tsere gona. Idona ba ya ganin layin sirinji, don haka aiki ya dawo kanki. Kika samu leda kika ƙulle kwalbar allurar, kika binne ta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa don kada zafi ya lalata ta. Kullum safe sai ki shigo ki durƙusa, ni in ɗage zane in buɗe cinyata a gaban ɗiyata ta fari, in juya fuska in kalli bango. Ban taɓa ce maki sannu ba. Ina jin sanyin hannunki, ina jin yadda kike yi a hankali don kada in ji zafi, bakina yana cike da magana amma ba ta fita. To ga shi a rubuce. Sannu, Allah ya saka maki da alheri.

Da tafin ƙafata ya fara zugi kamar ana tsira mani ƙaya, na sake komawa gidan jiya, na ce sugan ne na yi shiru. Sai da na kasa taka ƙasa sannan na faɗa. Malamar ta tambaye ni ina ƙaramar ƙwayar da ta haɗa mani don wannan, na ce ganin ƙanƙantarta ya sa na ɗauka ba ta da amfani, na zube su a gwangwani. Ta riƙe haɓa kawai. Tun daga nan duk zuwa sai ta duba ƙafata, ta tambaye ni ko ganina ya canza, ta auna suga, ni kuma na koyi faɗin gaskiya kaɗan-kaɗan. Da jiki ya fara dawowa, abinci ya fara shiga, sai na so in daina maganin, don na gaji da mutanen bakin hanya masu cewa, "Yau ma Batsari?" Ke kika hana. Ba ki yi mani wa'azi ba, kin dai tsaya a kaina da moɗa mai jan zare har sai kin ga na haɗiye. Kakina ya daɗe bai wanke a gwaji ba fiye da na sauran da muka fara tare, amma ya wanke. Aka sallame ni aka ce in tarin ya dawo in zo da gudu, don mai suga ba a sakankancewa da shi. In har aka ɗora ki a kan magani, jin sauƙi ba shi ne warkewa ba. Sai ranar da su suka ce kin gama.

Yanzu na zo kan tambayar.

A ranar da Talatu ta raka ni, bayan malamar ta gama bayani, ta ce in faɗa mata duk wanda ke kwana a gidanmu, za a kawo su a duba, musamman wanda ke kusa da ni. Na ce Malam, babanki. Na ce Sani. Na ce Ladidi, autarmu. Ta ce sai wa? Saura sunanki, na kasa faɗa. Talatu tana gefe tana kallona tana murmushi. Kin san halinta, shekara da shekaru tana ɗana mani tarko don ta ji na faɗi sunan uwarta, ta samu abin yi mani tsiya a gidan biki. Na ce shi ke nan. Malamar ta ce, "Yarinyar da ta kawo ki ranar nan fa, ba ɗiyarki ba ce?" Sai na ba ta amsar da nake ba kowa tun kina goye. Na nuna Talatu na ce, "Ga uwarta nan." Talatu ta yi dariya ta ce, "Tawa ce kau, ni da nike Darini." Layi ya yi tsawo a waje, malamar ta ɗauka gaskiya muka faɗa mata, a Darini kike kwana, ta wuce.

A hanya na ce wa Talatu mu koma in gyara. Ta ce, "Ki koma ki ce mi? Budurwa ce, an sa mata rana. A gan ta a layin masu tari, gobe magana ta kai Safana. Ki bar ɗiya ta samu ɗakinta." Ba zan ɗora mata laifin ba. Ta dai miƙo mani abin da zan fake da shi, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, don ya fi mani sauƙi a kan in koma in buɗe baki. Ranar kasuwa babanki ya kwashi ƙannenki ya kai su, aka duba su, aka ba Ladidi maganin kariya. Kina tsaye bakin murhu kika ce, "Inna, ni fa?" Na kalli bango na ce, "Yara aka ce." Ba yara aka ce ba. Ke aka fi nema, ke da kike kwana a ƙafata.

Duk watannin nan ina komawa wurin malamar. Duk zuwa sai in ce yau zan faɗa, in na zauna sai in ga kunyar ta ƙaru, don yanzu ba suna kaɗai zan faɗa ba, sai na ce na yi mata ƙarya. In dawo in dube ki, in ga kina daka kina ɗebo ruwa da ƙarfinki, in ce Allah ya tsare. Na yi ta cewa haka har ranar da tela ya aiko da ɗinkin biki, kika saka riga ta yi maki yawa, aka mayar ya rage. A makon na fara jin tarin asuba. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na hana bakina sunanki don a ce ina da kawaici, an kuma faɗa, mata suna yabona a gidan suna, ga abin da yabon ya jawo maki.

Ban ce ki zama marar kunya ba. Ki gaida surukanki a durƙushe, ki sassauta murya, ki yi duk abin da aka koya maki. Amma inda lafiya take, a nan ki ajiye ta. Amarya a gidan miji ba ta cewa tana jin yunwa, balle ta ce ƙirjinta na ciwo. Na san za ki danne tarin nan a Safana fiye da yadda kike danne shi a nan, kuma can ba ni kusa balle in ji ta bango. Ki tuna kuma uwar yaron da zai aure ki mai suga ce kamata, a layin awo muka saba da ita tun kafin a yi maganarku. Ke za ki riƙa kai mata abinci ɗakinta, ke za ki zauna kusa da ita. In abin da nake tsoro ne a ƙirjinki, ita ce ta farko da zai kama, kuma kin ga abin da ya yi mani.

Na yi wa Talatu maganar shekaranjiya, lokacin da ta zo da haɗin gyaran amarya, zuma da dabino da madara, tana ɗura maki wai ki yi ƙiba kafin ranar. Ta ce, "Ke kau ki rufa mamu asiri. Wace amarya ce ba ta rama? A bari a ɗaura, in ya so can su ƙarata." Na ce mata sau ɗaya na bi shawararta, ya isa. Ta yi fushi ta ɗauki mayafinta, za ta huce. Haɗin nan ki dakata da shi tukuna. Suga yana bin jini, uwata da shi ta rasu, ni ga ni, kuma na lura moɗa ba ta barin hannunki kwanan nan. Wataƙila zafi ne, wataƙila tsorona ne, amma a huda yatsa a gani. Malamar ta ce mai tarin fuka a auna masa suga, mai suga kuma a saurari tarinsa. Duka biyu za ki ce a yi maki.

Babanki na gaya masa jiya. Ya ce in an ce a ɗaga biki zai je Safana da ƙafarsa ya yi bayani. Yaron kuma ke za ki gaya masa, kada ya ji a bakin wani. Lokacin da nake kwance ya zo gaishe ni, ya ga kwano mai jan zare, ya san abin da ake nufi, bai fasa zama ba, har ya sha ruwan gidan nan. Ina kyautata masa zato. In kuma zatona bai zama daidai ba, zan ɗauki surutun gari, zan ɗauki fushin Talatu, zan mayar da lefe da hannuna. Ba na so in kai ki ɗaki da kuɗa da guɗa, in dawo ina jiran a aiko mani.

Wataƙila a gwada a ce ba komai, mura ce, a ba ki maganin kariya irin na Ladidi ki tafi gidanki lafiya. Abin da nake roƙo ke nan a kowace sujada. In kuma an ga wani abu, kin ga wadda ta warke da idonki, ga suga ga shekaru, balle ke. Zan tsaya a kanki da moɗa kamar yadda kika tsaya a kaina, kuma ba jan zaren da za a ɗaura wa kwanonki ina raye.

Na riga na gaya wa mai babur ya zo ranar kasuwa da sassafe. Kada ki ce mani komai a kan takardar nan, ba zan iya ba, ki dai shirya. Wannan karon ke za ki zauna gaba, ni in hau baya in riƙe ki. In mun shiga kada ki yi magana, ni zan yi. Zan gaya wa malamar na yi mata ƙarya, zan ce wannan ɗiyata ce, ni na haife ta, a ɗakina take kwana. Na yi kwana biyu ina gwada faɗin sunan a bayan ɗaki inda ba kowa, kuma yana fita.

Ki yafe mani. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa abin da za a gani alheri ne. Allah ya kiyaye hanya, ya kare ki daga sharrin daji da na gari, ya sa ki shiga gidan mijinki da ƙafar dama a ranar da ya ƙaddara, ko ta kusa ko ta nesa. Allah ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki kamar yadda kika ji ƙaina, in kuma ya ba ki ta fari, ki kira ta da sunanta ta ji.

Allah ya tsare mani ke, Rakiya.

Wassalam,
Innarki.